Ranar Lahadi a Wusasa

Idan mutum ya fita daga birnin Zazzau ya yi 'yar tafiya ta kilomita kaɗan, zai tarar da garin Wusasa a gindin dutse. A tsakiyar garin akwai wata tsohuwar majami'a ta ƙasa mai suna St. Bartholomew, wadda aka gina a 1929. Wanda ya hango ta daga nesa bai ga gicciye ba, sai ya ɗauka zauren wani hakimi ne, domin magina Hausawa ne suka ɗora ta, da tubali da azara da bakan gizo, kamar yadda suka gada. Da yawa daga cikinmu mun tashi da zaton coci kayan Sabon Gari ne, na baƙin da jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu. To ga wata jama'a da ta kusa shekara ɗari tana taruwa duk mako a wuri guda, tana addu'a da Hausar da ta sha a nono, kuma ba kasafai masu rubuta tarihin adabinmu kan waiwaye ta ba.

Asalin maganar ya faro ne daga 1900, lokacin da Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya jagoranci 'yar tawaga zuwa Kano. Sarki Alu bai bar su sun zauna ba, suka juyo suka yada zango a Girku. Cikinsu akwai wani likita Bature, Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus wajen fatake da mahajjata. Shi ne ya dawo ya zauna cikin birnin Zazzau a 1905, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Gaskiyar magana, wa'azinsa bai yi wani tasiri a birni ba. Mutane sun sha maganinsa, wasu sun ba shi 'ya'ya su koyi boko, amma waɗanda suka bi addininsa ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya canja lissafi daga waje ya zo. Tun a ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi, almajiransa suka watse wajen Ningi da kewaye, ana kiransu Isawa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemo Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada, sai ciwon barci ya faɗa musu ya yi musu mummunar ɓarna. Ragowarsu, da yaran makarantar birni, su ne tushen Wusasa, bayan hukumar Turawa da masarauta sun matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwa. Miller bai so wannan ƙaura ba, har ya tattara ya koma Kano. Wani abokin aikinsa, Guy Bullen, shi ya tsaya a kan kafa sabon garin.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Mutanen da suka taru a Wusasa ba dangi ɗaya ba ne. Akwai jikokin Isawa, akwai Fulani, akwai waɗanda suka baro gida saboda danginsu sun juya musu baya, daga baya kuma ga masu bishara daga Filato da Kudancin Zazzau. Ba kaka ɗaya ya haɗa su ba, ba su da kufai ɗaya da za su nuna. Abin da ya mai da su gari shi ne ƙararrawar safiyar Lahadi. A sujada ake sanar da haihuwa da rasuwa, a can ake shelar masu niyyar aure ko wani yana da magana, a can ake tara baiko a taimaki gwauruwa da maraya. Yaro ya fara da makarantar Lahadi, ya shiga ajin baftisma, ya girma a karɓe shi ga Jibin Ubangiji. Mata suna da ranar zumuntarsu a tsakiyar mako, mawaƙa suna da yammacin koyon waƙa, da kaka kuma a kawo damin dawa da kaji gaban majami'a don godiya. In an tashi, sai a tsaya a farfajiya ana gaisawa, ana tambayar wane da ba a gani ba, wanda sau da yawa ya fi wa'azin kansa daɗewa.

Mu marubuta, abin da ya fi shafarmu shi ne harshen. Sujadar Angilikan ta littafi ce: akwai littafin addu'a, akwai na waƙoƙi, akwai karatu daga Tsohon Alkawari da Sabo, kuma jama'a ce ke amsawa da baki ɗaya. Wanda bai iya karatu ba sai ya zama ɗan kallo. Saboda haka tun ana yi wa boko kallon hadarin kaji, tsofaffin matan Wusasa suna bin layi da yatsa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa tare da mataimakansa Hausawa da 'yan wasu mishan. Kalmomin da aka zaɓa kuwa na gida ne: Allah, Ubangiji, addu'a, zunubi, tuba, Zabura, wa'azi, annabi. Musulmin da ya tsaya a bakin taga zai ji rabin abin da ake faɗa ya san shi tun a makarantar allo. Wannan kusanci shi ne daɗin abin, shi ne kuma wahalarsa, domin kalma ɗaya ce kowa ya ɗora mata nasa kaya. Fassarar da ta biyo baya a 1979 ma ta ƙara matsowa, ta ajiye Kristi ta ɗauki Almasihu. Wannan Hausa ta littafi ita ta bazu har cikin majami'un Angasawa da Birom da Bajju da Bacama, inda dubban mutanen da ba Hausawa ba suke sujada da ita har yau.

Idan aka dubi waɗanda suka fito daga bencin wannan majami'a da makarantarta, sai a yi mamakin ƙanƙantar garin. Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko na Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, ɗan mai bishara Ba'angashe. Namu kuma shi ne John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930. Yara nawa suka karanta littafin nan a makaranta ba tare da an taɓa gaya musu daga wace jama'a marubucin ya fito ba?

Zaman bai kasance lami lafiya koyaushe ba. Bahaushen Wusasa ya daɗe yana amsa tambaya ta fuska biyu: ɗan'uwansa na birni yana shakkar Hausancinsa, Kiristan Kudu kuma yana shakkar Kiristancinsa in ya gan shi da babbar riga da hula. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu, an ƙone coci-coci da dama a Zariya, aka shiga wani zaman ɗar-ɗar da ya daɗe bai warware ba. Duk da haka asibitin St. Luke bai daina karɓar marar lafiya daga birni da ƙauye ba, kuma gidaje da yawa a Wusasa suna da 'yan'uwa Musulmi na jini, ana kai wa juna tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti. Daga ƙarshen shekarun 1990 garin ya zama mazaunin bishop. Miller kuwa bai koma Ingila ya mutu ba. A Bukuru kusa da Jos ya rasu a 1952.