Masana kimiyya da kafafen sada zumunta: yadda lamarin yake a Gombe

A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta wayoyin salula cikin dare guda yana cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi na kare mutum daga cutar. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata shi, an riga an kwantar da mutane da dama a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Gishirin ne ya yi musu illa, ba cutar ba. Irin wannan lamari ne ke tayar da tambayar ko aikin masanin kimiyya ya ƙare a ɗakin gwaji da mujallar ilimi, ko kuwa wajibi ne ya shiga Facebook da WhatsApp ya yi wa jama'a bayani da kansa.

Tambayar ta shafi Gombe kai tsaye. Jihar na da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin birnin, sannan ga asibitin jinyar saran maciji da bincike a kansa da ke Kaltungo. Masana ba su yi ƙaranci ba. Abin dubawa shi ne hanyar da iliminsu ke bi ya isa ga manomi da makiyayi.

Binciken da aka fi ambata kan ra'ayin masana shi ne wanda cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2015, bayan ta tuntuɓi masana kimiyya sama da 3,700. Kashi 87 cikin 100 sun ce ya kamata masana su riƙa tsoma baki a muhawarar manufofin gwamnati da suka shafi kimiyya. Kashi 47 sun ce suna amfani da kafafen sada zumunta wajen tattauna kimiyya ko bibiyar ta. Amma kashi 22 kacal ne suka ce yayata sakamakon bincike a waɗannan kafafe na da muhimmanci ga ci gabansu a wurin aiki. Ma'ana, suna kallon abin a matsayin haƙƙin jama'a a kansu, sai dai ba shi da lada a ofis. Alƙaluman na Amurka ne, amma malamin jami'a a Najeriya zai gane hoton: ƙarin girma yana rataye ne da yawan maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, galibi da Turanci. Bidiyon minti uku da Hausa, ko da mutum dubu ɗari sun kalla, ba ya cikin abin da kwamitin ƙarin girma ya saba ƙirgawa.

Kaltungo ce ke nuna abin da ake asara idan masana suka yi shiru. Macijin da ya fi yin ɓarna a yankin shi ne kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya ganin kamar lafiyarsa ƙalau a sa'o'in farko, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ya riƙa zuba a cikin jiki. A asibiti ana ɗibar jininsa a zuba a kwalba mai tsafta a ajiye na minti 20. Idan bai daskare ba, alama ce dafin ya shiga, sai a ba shi allurar karya dafi. Shawarar masana a taƙaice take: kada a tsaga wurin da aka sara, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau, a hana mutum yawan motsi, a garzaya da shi asibiti. Saran ya fi yawa lokacin shuka da girbi, kuma jinkirin da ake yi a gida ana gwada magunguna shi ne ke mayar da ciwon da ake iya warkarwa ya zama ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a 2017, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna rubutu a kai. Ilimin a kammale yake. Saura ya isa gona.

Masu ɗari-ɗari da waɗannan kafafe kuma suna da hujja. Ƙa'idojin aikin likita a Najeriya sun hana likita tallata kansa, sun kuma wajabta masa rufa asirin majinyaci, don haka hoton rauni guda da aka ɗora ba da izini ba na iya jawo masa ladabtarwa. Akwai kuma cin zarafi. A binciken da mujallar Nature ta yi a 2021 kan masana sama da 300 da suka yi magana a bainar jama'a game da cutar korona, kashi 15 cikin 100 sun ce an yi musu barazanar kisa. Ga kuma bambancin hali: masani yakan ce “mai yiwuwa” ko “bisa abin da aka gano zuwa yanzu”, shi kuwa mai tallar maganin cuta arba'in ba ya shakkar komai, kuma maganarsa ce ta fi saurin yawo.

Jita-jita dai ta girmi intanet. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, ba a ma ƙirƙiro Facebook ba, kuma abin da ya dawo da amincewar jama'a shi ne shigar sarakuna da malaman addini cikin aikin, har aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020. Kafafen zamani sun ƙara wa jita-jita gudu ne kawai, kamar yadda suka ba hukumomi damar mayar da martani da wuri. A 2020 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa ta riƙa wallafa alƙaluman korona kowane dare a Twitter. Sai dai dakatar da kafar a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya nuna haɗarin dogaro da dandali guda.

Wani abin da binciken ƙasashen waje ba ya taɓowa shi ne harshe. A can masani da mai karatu yare ɗaya suke yi. A Gombe kuwa ana magana da Hausa, Fulatanci, Tangale, Tera, Waja da Bolanci, kuma wanda kububuwa ta fi sara ba shi ne mai karanta dogon rubutun Turanci a X ba. Saƙon murya na WhatsApp, wanda ɗa zai kunna wa mahaifinsa, da shirin rediyo da ake yanka a tura ta waya, su suka fi kusa da shi. Wannan na buƙatar masanin ya zauna ya nemo yadda zai faɗi “hana jini daskarewa” da Tangale ko Fulatanci ba tare da ma'anar ta karkace ba, aikin da ke buƙatar haɗin gwiwa da 'yan jarida da malaman sashen harsuna na jami'o'in jihar.