Yadda Injin Chevrolet Mai Silinda Shida Ya Koyi Gudu

A shekarar 1929 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da inji mai silinda shida a layi ɗaya, ya sayar da motar kusan a kuɗin mai silinda huɗu. Ba don tsere aka ƙera shi ba. Ƙarfin doki 46 ne kacal gare shi, kuma manoma da ƙananan 'yan kasuwa aka nufa, masu son abin da zai daɗe bai kai su gareji ba. Da Ford ya mayar da martani da injin V8 a 1932, sai samari masu son gudu suka koma can gaba ɗaya.

Duk da haka wasu kanikawa ba su fid da rai ba. A 1937 an faɗaɗa injin, ƙarfinsa ya kai doki 85, kuma da irin wannan mota direba Juan Manuel Fangio na Ajantina ya lashe dogon tseren nan na 1940, daga Buenos Aires zuwa Lima da dawowa.

Babban ciwon injin shi ne numfashi. Silinda shida ne, amma ƙofofi uku kawai aka huda a kan injin don shigar fetur da iska, huɗu don fitar hayaƙi. Kafireta ɗaya ce a tsakiya, sai ya zama kamar mutum shida a akushi ɗaya: na kusa su ƙoshi, na gefe su tashi da yunwa. Daga nan sana'ar ƙara wa injin gudu ta tsiro bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a jihar Kalifoniya. Kamfanonin Offenhauser da Edmunds suka riƙa zuba bututun alminiyam mai ɗaukar kafireta biyu ko uku. Kamfanin Fenton ya raba salansa gida biyu, silinda uku-uku, abin da ya ba motocin wani irin ruri da har gobe masoyansu ke nema. Wasu kuma su kankare kan injin kaɗan don matsin ya ƙaru, su sake fiƙe kamshaf yadda bawul zai daɗe a buɗe.

Wanda ya kai gyaran maƙura shi ne Wayne Horning. A ƙarshen shekarun 1940 ya ƙera sabon kan inji ɗungurungum mai ƙofofi 12, kowace silinda da mashigarta da mafitarta, fetur ya shiga ta wannan gefe, hayaƙi ya fita ta wancan. Kaɗan aka yi, shi ya sa yau masu tara tsofaffin motoci ke rububinsa.

Sai dai akwai rauni a ƙasa da ƙarin kafireta ba ya magancewa. Tsohon injin yana shayar da sandunan fistin baƙin mai ne ta wasu 'yan cokula masu kamfato shi, kuma idan juyi ya yi yawa sai inji ya buga. Tsakanin 1953 da 1954 kamfanin Chevrolet ya koma tura mai da famfo ko'ina. A ganina wannan gyara ya fi duk kayan ƙyale-ƙyalen amfani. A 1953 ɗin ne kuma Chevrolet ya ari dabarun 'yan gareji ya sa wa motar Corvette ta farko kafireta uku na Carter, ta ba da doki 150. Shekara biyu bayan haka ya fito da nasa V8, kasuwar ta juya.

Zuriyar injin ba ta ƙare ba. A Burazil an yi ta tsere da motar Opala mai silinda shida, Toyota kuma ya kwaikwayi tsarin a injin tsofaffin Land Cruiser masu fetur, irin waɗanda suka sha ratsa Sahara. Duk wanda ya samu irin wannan inji a yau, ya fara duba famfon mai da birki kafin ya sayi kafireta ta biyu.