Ƙananan Sana'o'i a Tarihin Bunƙasar Dutse

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta. Mu da muka shaida wannan rana mun san yadda garin yake: fadar Sarki a Garu, lambunan dabino kewaye da duwatsu, sai kasuwar Shuwarin da ake ci mako-mako.

Da ma'aikata suka kwararo daga Kano, ƙananan masu sana'a ne suka tarbe su. Masu shayi da mata masu tuwo suka ciyar da su, magina da kafintoci suka yi musu ɗakuna, 'yan acaɓa suka kai su ofis. Akasarinsu da adashi suka tashi, wasu kuma iyayen gidansu ne suka yaye su da ɗan jari. Kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara buɗe wasu ƙofofin, musamman ga matasa masu shagunan kwamfuta da gyaran waya.

Darasin da ke nan shi ne, kowace sana'a da irin ƙishinta. Mai ƙosai jari take nema, mai walda wutar lantarki, manomin dabino kuwa wurin ajiya, don kada ya karyar da amfaninsa da kaka. Idan ƙungiyarmu za ta tallafa, to ta fara tambayar kowa inda ke yi masa ƙaiƙayi.

Allah Ya albarkaci nemanmu, amin.