Daga Uzuakoli Zuwa Gidan Waya: Wa Ke Raɗa wa Makaranta Suna?

A kudancin Kaduna, in uba ya ce 'yarsa "tana Gidan Waya," ba wanda zai ɗauka wasiƙa ta je aikawa. Kowa ya san karatun malanta take yi a Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda ke garin Gidan Waya a Ƙaramar Hukumar Jama'a. Sunan da ke kan takardar shaida dogo ne, na bakin jama'a kuwa kalma biyu ne kacal, kuma shi ne ya bi gari.

Shi kansa sunan garin sunan gini ne. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa a farkon ƙarni na 20, suka kakkafa turaku suka ja waya daga bariki zuwa bariki don aika saƙon gaggawa. Daga nan Bahaushe ya sami "buga waya," ya kuma kira ofishin da ake bugawar gidan waya. Da aka haɗa aikin wasiƙu da kan sarki a wuri guda, sunan ya rufe su duka. Yau abin da ke aljihun kowa ba a haɗe yake da ko zare ɗaya na ƙarfe ba, amma waya muke ce masa, har yaran yanzu sukan yi mamaki in aka gaya musu asalin kalmar.

An kafa kwalejin a 1977, shekara guda bayan gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, lokacin da azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi ƙaranci. Sunanta na farko ATC Kafanchan, wato babbar kwalejin horon malamai, kuma tana da alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga baya ta zama Kwalejin Ilimi. A harabarta ta Kafanchan ne rikicin watan Maris na 1987 ya faro kafin ya bazu zuwa Kaduna, Zariya da Funtuwa, abin da ya jima yana ɓata wa kowa rai in an ambaci sunan. Da ta koma mazauninta na dindindin, sai ta ɗauki sunan Gidan Waya.

Amma kafin gwamnati ta gina kwaleji a wannan yanki, 'yan mishan ne ke horon malamai, kuma sunayensu ma suna da labari. Na cocin Methodist ya fi ba ni sha'awa, domin ba masu shi ne suka zaɓe shi ba. A wajen 1729, a Jami'ar Oxford ta Ingila, John Wesley da ƙanensa Charles suna cikin wata 'yar ƙungiyar ɗalibai da suka tsara wa kansu lokacin addu'a, lokacin azumi, lokacin karatu da na ziyarar fursunoni. Sauran ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a da kalmar Methodist, wadda ma'anarta masu bin tsari sau da ƙafa. Maimakon su ji haushi, sai suka rungume ta. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan ya ja masu shi zuwa inda ya nuna, domin duk inda suka sauka, da jadawali da ƙararrawa da makaranta suke farawa.

Sun shigo ƙasar nan ta ƙofa biyu. Reshen Wesley ya sauka a Badagry a 1842 tare da Thomas Birch Freeman, ya kafa makarantar sakandaren maza a Legas a 1878, da kwalejin horon malamai ta Wesley a Ibadan a 1905. Ɗaya reshen, wanda ake kira Primitive Methodist saboda masu shi na cewa su ne suka riƙe tafarkin farko, ya yi aiki a gabas. Su ne a 1923 suka buɗe wata 'yar makaranta a Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu, Rabaran Herbert Williams na shugabanta. Ba kwaleji aka kira ta ba da farko, Ibo Boys' Institute ne sunanta, wato cibiyar koyar da samarin Ibo. Ana koyar da karatu, ana horon malamai, ana aikin hannu. Da ɗalibai suka ƙaru, suna zuwa daga nesa, sunan ƙabila ya yi mata kaɗan. A 1932 rassan biyu suka haɗe a Ingila, aka daina cewa wannan na Wesley ne, wancan na tafarkin farko, makarantar kuma ta zauna da sunan da aka san ta da shi har yau, Methodist College Uzuakoli. Michael Okpara, Firimiyan Jihar Gabas daga 1959 zuwa 1966, a nan ya yi karatu.

Me ya haɗa Uzuakoli da mu? Layin dogo. Garin yana kan layin da ya taso daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya iso Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927. Cocin ya bi layin nan tasha tasha, ya shiga ƙasar Idoma ta Igumale da Otukpo, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa kuma suka zo da shi Kafanchan. A Zonkwa, wata tashar a kan hanyar Kaduna, cocin yana da makarantar tauhidi. Kalmar tauhidin nan abin lura ce: daga Larabci take, kuma Kirista da Musulmi masu jin Hausa duk da ita suke kiran ilimin sanin Allah, kamar yadda "malam" ke hawa kan mai allo da mai bishara.

Duk da haka, mishan ɗin da ya fi kafuwa a yankin shi ne SIM, wanda ya sauka Kwoi a 1910, ya buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro a 1931, kuma daga gare shi cocin ECWA ya fito a 1954. Ga kuma Katolika da nasu makarantun. Mutanen ƙauye ba su tsaya rarrabe su ba, duk "makarantar mishan" suke cewa.

A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, ta sake musu suna. St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Queen Amina. Sunaye ne masu kyau, kuma namu ne, ban ga laifinsu ba. Abin da ke damuna shi ne yaro ya yi shekara 6 a makaranta, ya fita bai san wa ya aza tubalinta ba, bai san da wane suna kakansa ya san ta ba. Mutanen kudancin Kaduna sun fi kowa sanin zafin wannan, su da aka daɗe ana kiran su Kaje alhali Bajju ne, ana kiran su Kataf alhali Atyap ne. Ita kanta Kafanchan, yadda bakin Bahaushe ya furta Fantswam ke nan.

Don haka nake roƙon malaman tarihi da na harsuna na kwalejin Gidan Waya, da su tura ɗalibansu wurin dattawan garin da kewaye, da wurin malaman da suka buɗe ATC a 1977, su rubuta sunayen da wuraren nan da makarantun nan suka amsa, da wanda ya raɗa kowanne, tun masu bayarwar suna raye.