Daga Fijo Zuwa 'Yar Kwatano: Yadda Duba Motar Iyali Ya Sauya a Hannunmu

Lokacin da na shiga koyon kanikanci a Kano, motar iyali kusan ɗaya ce a ƙasar nan, wato Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. Tun 1975 kamfanin PAN ke harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Gwamnati na saye, ma'aikaci kuma ya ci bashin mota ya ɗauko tasa gal a leda. In ta kwana biyu ya saka ta kasuwa, mai saye ba ya shan wahala, don binciken motar kamar binciken aure yake. An san gidan da ta fito, an san garejin da take zuwa, an san ranar da ta daki jaki a hanyar Gwarzo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya wuce ɗora bakin sukundireba a kan inji ya kara ƙotar a kunne. Minti biyu ya ce, "Alhaji, biya," ko kuma ya ce, "Mu je, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya rushe wannan zaman. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai jiragen ruwa suka fara sauke tsofaffin motocin Turai a Legas da Kwatano. Da yawansu daga tashar Antwerp aka yi lodinsu, shi ya sa har gobe duk kayan gyaran da aka ciro daga tsohuwar motar waje sunansa Beljiyom, ko da daga Japan ya zo. Direbobi kan taso daga Kwatano su bi Parakou, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, su ratsa Nijar har Maraɗi, su faɗo ta Jibiya. Da farko Vectra da Golf da Marsandi ne, daga baya motocin da ake kawowa daga Amurka suka mamaye kasuwa, rigima ta koma tsakanin Honda Accord da Toyota Camry.

Kanawa dai Honda suka so, tun daga Hala ta farkon shekarun 1990. Tana da kyan gani, tana da gudu, ango ya shiga ya ji shi wani ne. Da ta 2003 ta fito aka laƙa mata End of Discussion, wai magana ta ƙare. Mu a gareji a lokacin maganar ta fara. Mai fulogi shida giyabos ɗinta ba ya jure wahala, musamman in an zuba masa man da ba nasa ba. Ga kuma ciwon ƙafa: in boljoyin ya cinye aka yi sakaci, sai ka ga mota ta durƙusa tsakiyar titi, tayar gaba ta karkace kamar raƙumi zai sauke kaya. Ba laifin Honda kaɗai ba ne, ramukanmu da jabun kaya suna da nasu kason, amma mai iyali ba ruwansa da rabon laifi in abin ya same shi a hanyar Zariya da yara a baya.

Camry ba ta da wannan kwalliyar. Ta 1997 zuwa 1999, mai siririyar fitilar baya da ake kira Pencil, injinta na 2.2 jaki ne. Big Daddy ta biyo baya da faɗin kujera da babban but, buhun shinkafa da kayan sallah duk su shige. Sai Muscle ta 2007, wadda ta fi su kyau ta kuma zo da halinta: wasu masu injin 2.4 suna shan baƙin mai, dashbod kuma in rana ta gasa shi sai ya yi danƙo yana kama yatsa.

Abin da ya fi sauyawa shi ne tarihin mota ya koma ƙetaren teku. Da yawan na Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci, a gyara a fesa fenti su fito kamar amare. Ni ma an taɓa rufe ni. Bayan guguwar Katrina ta 2005, wani maƙwabcina ya ɗauke ni duba masa mota a wajen wani dila. Inji lafiya, giya lafiya, na ce ya biya. Ba a yi wata biyu ba gilasai suka fara hawa da sauka da kansu, fitilun dashbod na walƙiya kamar gidan biki. Da na ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo a ƙarƙashin kujera. Mutumin bai ce mini komai ba, illa in mun haɗu a masallaci ya ce, "Injiniya, ya aiki?" Na gwammace ya zage ni.

Tun daga nan na sauya hannu. Ba na duba mota sai da sassafe, inji na sanyi, don dila mai wayo kan ɗuma ta kafin ka iso. Nakan naɗe maganaɗisu a hankici in bi jikin bodi. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa. Nakan ja bel ɗin kujera har ƙarshe in duba tabon ruwa, in sunsuna but. In an murɗa makulli, dole fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama sam, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi. Sai in leƙa salansa ko an sace abin tace hayaƙin nan da muke kira indomi. Yaran yanzu suna jona kwamfuta, su kuma sa lambar shasi mai harafi da lamba 17 a intanet, hoton motar ya fito tun tana filin gwanjo da gaba a murƙushe. Na yarda sun fi mu a nan. Mita kuwa ban taɓa gaskata ta ba.

A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, a 2019 aka rufe iyakokin, a 2023 aka cire tallafin fetur, Naira ta sake zubewa. Kamfanin Dangote da Peugeot ya fara harhaɗa 301 a Kaduna a 2022, ga motocin Sin sababbi da garanti, amma kuɗinsu na ma'aikatu ne da masu hali. Malamin makaranta ya koma neman wadda aka hau a gida, mu kuma mun koma tambayar zamanin maigidana: ta wane ce, wa ke gyara ta?

In kana da iyali kuma kuɗinka a ƙirge suke, nemi mai fulogi huɗu, ka tabbatar da takardun kwastan, ka ware kuɗin taya da shokozoba. Kafin ka je wajen dila, fara biyawa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin giyabos ɗin motar da kake so. In ka ji farashin gabanka ya faɗi, bar ta.