Asalin Wasan Talabijin a Ƙasar Zazzau: Yadda Sababbin Shiga Suka Kai Wasansu Kaduna

Duk malamin da ya taɓa koyar da wasan kwaikwayo a kwalejin horon malamai ya san littattafan da akan miƙa masa, watau Wasan Marafa, da Zamanin Nan Namu, da Jatau Na Kyallu, da Uwar Gulma, da 'yan kaɗan makamantansu. Amma in ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya zauna da dattawa a wani zaure, ya tambaye su wane wasa suke tunawa, da wuya su ambaci ɗaya daga cikin waɗannan. Karambana za su ce, ko Samanja. Waɗannan kuwa ba mu da su a rubuce yadda muke da na farkon. Abin da nake nufin bincikawa a wannan takarda shi ne dalilin haka. A ganina amsar tana cikin hanyar da mutanen da ba su taɓa yin wannan aiki ba suka bi wajen ƙaga wasa, da kuma yadda suka gabatar da shi ga waɗanda ke da ikon karɓa ko ƙi.

Kafin talabijin ta zo, hanya biyu baƙon aiki ke bi a ƙasar Zazzau in yana so a dubi abin da ya ƙaga.

Ta farko ita ce ta tashe, kuma ita ce tsohuwa. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara da samari sukan fita ƙungiya ƙungiya suna bin gidaje. Kafin wannan dare sun riga sun yi kwanaki suna shiri. Sun raba wa kansu matsayi, wannan shi ne tsoho, wancan mai magani, an nemo auduga an yi gemu, an aro tsohuwar riga, an shafa wa wani bula ko baƙin tukunya. Ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. Sa'ad da suka isa ƙofar gida sai su yi sallama su faɗi abin da ya kawo su, maigida kuwa ko ya ce a yi, ko ya sallame su tun ba su fara ba. In an yi, aka yi dariya, aka ba da hatsi ko kwabo, wasa ya karɓu, gobe ma za a sake shi a wata unguwa da ƙari. In ba a yi dariya ba, su da kansu za su gyara shi a hanya kafin su kai gida na gaba. Abin lura a nan shi ne, yawancin wasannin tashe da sunan mutum ake kiransu, kamar Jatau Mai Magani, da Macukule, da Tsoho da Gemu, da Mairama da Daudu. Labarin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, halin mutumin shi ne wasan. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Hanya ta biyu ta takarda ce, kuma ana iya faɗin shekarar da ta soma. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a yi gasa. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a wurinsu alƙalami na addini ne da ilmi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Waɗanda suka amsa kiran, duk sababbin shiga ne. Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, sa'ad da ya aiko da Ruwan Bagaja. Wansa Bello Kagara ya aiko da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi. Jiki Magayi kuwa John Tafida na Wusasa ne suka haɗa hannu da East suka rubuta.

Ga yadda wannan hanya take. Mutum ya zauna shi kaɗai ya rubuta abinsa har ƙarshe, ya aika, wanda ya karɓa ya karanta da jan alƙalami a hannu. East bai bar Ruwan Bagaja yadda ya zo ba, ya cire wasu labarai da ya ga an ɗebo su daga littattafan wasu ba tare da an sāke musu kama ba. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kawo shi Zariya wata shida, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, yana rubutawa suna dubawa tare, har Magana Jari Ce ya fito littafi uku. Ana iya yin gardama a kan ko hannun East ya yi yawa a cikin aikin, kuma an yi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, wannan hanya tana barin sawu. Rubutu yana nan, wasiƙu suna nan, mai bincike yana iya bin diddigi.

Rediyo ta fara bin wannan hanya ta takarda. Shu'aibu Maƙarfi, mutumin ƙasar Zazzau, domin rediyo ya fara tsara wasanninsa, sa'an nan aka buga su a Zariya, Zamanin Nan Namu a 1959, Jatau Na Kyallu a 1960. Da ba a rubuce suke ba tun farko, da ba su kai maɗaba'a ba.

To, sai talabijin. An buɗe ta farko a Nijeriya a Ibadan a watan Oktoba na 1959, ta Inugu ta biyo a 1960, ta Kaduna kuwa a 1962, ƙarƙashin kamfanin watsa labarai da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da wasu kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI. A shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Tsakanin Zariya da Kaduna kamar mil 50 ne, saboda haka ba abin mamaki ba ne da 'yan makarantun Zariya da ma'aikatanta suka kasance cikin waɗanda sabon gidan ya riƙa ɗiba. Amma fa babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gāji wannan sana'a. Maƙeri yana da uban da ya koya masa riƙon masaba, marubucin talabijin ba shi da kowa a gabansa.

Matsalar da ta fuskanci gidan ita ce ta ciko. Akwatin nan ba ya ƙoshi, abin da aka zuba masa a wannan mako ya cinye, mako mai zuwa yana jiran wani. Imam ya sami wata shida da ɗaki da tulin littattafai. Mai shirya wasan talabijin kwana bakwai gare shi, kuma 'yan wasansa yawanci suna da wani aikin da suke ci da shi, wani akawu, wani malamin makaranta, wani ɗan kasuwa, sai sun tashi daga aiki su hallara. Wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa iya ba da dariya ma karatun bokonsu bai yi zurfi ba. A irin wannan hali, wa zai zauna ya rubuta maganar kowa da kowa ta rabin sa'a, a buga ta a tafireta, a rarraba, a haddace?

Saboda haka aka koma wa hanyar tashe, ko da yake ba wanda ya zauna ya yanke shawarar haka. Abin da aka saba shi ne, mai labari ya faɗa wa mai shirya wasa labarinsa da baki, ko ya kawo shi a 'yar takarda, fitowa ta farko abu kaza zai faru, ta biyu abu kaza. A tara 'yan wasa a bayyana musu, kowa ya san inda za a tashi da inda za a sauka, maganar da ke tsakani kuwa kowa ya ciro ta daga bakinsa. A yi gwaji sau ɗaya ko sau biyu, a ɗauka. Graham Furniss, a littafin da ya yi a kan adabin Hausa a 1996, ya bayyana irin wannan tsari a wasannin talabijin na Kaduna da Kano da Jos.

Wannan ya sāke ma'anar abin da baƙo yake kawowa ƙofa. Wanda ya aika wa East, labari ya aika, mai farko da ƙarshe. Wanda ya nufi gidan talabijin, in yana so a daɗe ana yi da shi, mutum zai kawo, mai hali sananne, wanda za a iya jefa shi cikin sabuwar rigima kowane mako ba tare da ya gundiri jama'a ba. Dubi sunayen wasannin da suka yi fice: Karambana a Kaduna, Samanja Mazan Fama a Kaduna, Karkuzu a Jos, Kuliya Manta Sabo a Kano. Duk sunayen mutane ne ko laƙabinsu, daidai da yadda muka gani a tashe.

Ƙasimu Yero, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017, shi ne Karambana. Sunan kaɗai ya gama bayani, gama kowane Bahaushe ya san mai karambani, mutumin da ke tsoma hannu cikin abin da bai iya ba, yana cika baki, har ya jawo wa kansa. Mai irin wannan hali ba ya rasa abin yi, saboda haka wasansa ba ya rasa labari. Ƙasimu ya iya hanyar takarda kuma, domin ya fito a Cock Crow at Dawn, wasan Ingilishi da aka fara a 1980, inda kowa rubutacciyar magana yake haddacewa.

Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, misalinsa ya fi fitowa fili. Banufe ne, ya yi aikin soja, kuma abin da ya kawo ƙofa shi ne abin da ya gani da idonsa a bariki, watau samanja mai tsawa, mai Hausar bariki gauraye da Ingilishi, wanda ƙananan sojoji ke rawar jiki a gabansa amma al'amuran gida da na gari su kan ɗaure masa kai. Lokacin ma ya dace. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya ya haura mutum 200,000, babu babban garin da ba a ganin kaki, mutanen Zariya kuwa da ma sun daɗe da maƙwabtaka da dafo inda ake horon kurata. Jama'a suna shakkar soja, ga kuma wanda ya ba su damar yi masa dariya a cikin ɗakinsu. Babu marubucin da zai zauna a ofis ya ƙago wannan harshe, sai wanda aka yi wa tsawa da shi.

Kada a ɗauka cewa ƙofar a buɗe take ga kowa. Gidan na gwamnati ne, na Jiha da fari, sa'an nan na Tarayya bayan an kafa hukumar NTA a 1977. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci da majigi, sa'ad da ake zagawa da fim irin su Baban Larai domin koya wa manoma, hukuma ta saba da cewa wasa dole ya ɗauki darasi. Saboda haka baƙo yakan haɗa dariyarsa da wani gargaɗi, na tsabta, ko na sa yara makaranta, ko na illar cin hanci. Wani lokaci gargaɗin yakan zauna daram cikin labarin, wani lokaci kuwa a ga ɗinkin a fili, a ƙarshen wasa wani dattijo ya gyara zama ya yi wa'azin da ba wanda ya tambaye shi. Ni dai ina ganin waɗanda suka daɗe su ne waɗanda suka iya ɓoye ɗinkin.

Hanyoyin nan biyu sun sadu a wasu wurare. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. A cikin shekarun 1980 gidan talabijin na Kaduna ya ɗauki Magana Jari Ce ya mai da shi wasa mako mako, Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan. Watau aikin da aka yi a Zariya a 1936 ya komo wa mutanen birni ta cikin akwati bayan kimanin shekara 50. A Samaru kuma, daga 1975, sashen wasan kwaikwayo na jami'a ƙarƙashin Michael Etherton ya riƙa tura ɗalibai unguwanni da ƙauyuka su saurari damuwar mutane, su gina wasa a kanta ba tare da rubutu ba. Masana suka ba abin suna, aka yi ta rubuce-rubuce a kansa a ƙasashen waje. Yaran Kwarbai da na Limancin Kona sun riga su da daɗewa, sai dai ba wanda ya rubuta nasu.

Hasarar da wannan tarihi ya jawo mana ita ce ta shaida. Wasan da aka watsa kai tsaye ya tafi da iska. Wanda aka ɗauka a kaset kuwa, kaset yana da tsada, sau da yawa akan shafe na jiya a ɗora na yau a kansa. 'Yar takardar tsarin labari ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai balle ya adana. Shi ya sa malamin kwaleji yake da littattafai 'yan kaɗan a hannu, yana koyar da su kamar su ne dukan tarihin wasan Hausa, alhali kuwa wasannin da suka fi yawa, suka fi kuma isa ga jama'a, ba su taɓa ganin maɗaba'a ba.

Rubutu ya komo daga baya. Sa'ad da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasanta Daɗin Kowa da rubutacciyar magana aka gina shi, marubuta suna zama tare suna tsara kashi bayan kashi, kuma masu dogon zango da suka biyo baya, irin su Kwana Casa'in da Labarina, haka suka bi. Na shekarun 1962 zuwa 1990 kuwa, abin da ya rage shi ne ragowar kaset a ɗakunan ajiyar gidajen talabijin da hannun iyalan 'yan wasa, da kuma tsofaffin da suka yi aikin, waɗanda har yanzu ana iya zama da wasunsu a Zariya da Kaduna a tambaye su wa ya kawo labari, wa ya karɓa, me aka ce a cire.