Ranar da Ɗaukewar Wuta ta Ceci Kamfanin Maersk

A ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta ɓulla a ƙasar Yukiren. Ta bi ta cikin wata manhajar lissafin haraji ta faɗa kwamfutocin manyan kamfanoni, ciki har da Maersk na ƙasar Denmak, mai jiragen ruwan da ke sauke kwantena a tashar Kwatano, hanyar da kayan 'yan kasuwar Maraɗi suka daɗe suna bi. Cikin ƙanƙanin lokaci ta kulle faifan ajiyar bayanai, ta nemi kuɗin fansa. Sai dai ko an biya babu mabuɗin da zai buɗe, domin ɓarna aka ƙera ta ta yi.

Kundin sunayen ma'aikatan kamfanin da izinin shigarsu yana cikin na'urori kusan 150 a faɗin duniya, kowace tana kwafar 'yar'uwarta. Da yake duk a haɗe suke, tare suka mutu. Haka ma yake ga tsarin RAID, wanda masana a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana a 1988: a jera faifai da yawa, in ɗaya ya lalace sauran su rufe gurbinsa. Yana maganin lalacewar faifai ɗaya, amma cutar da ta kulle bayanai takan kulle jerin gaba ɗaya.

Ceto daga Afirka ta Yamma ya zo. A wani ofishin kamfanin, wuta ta ɗauke kafin harin, na'urar ta yanke da sauran, ta tsira ita kaɗai. Aka ɗauki kwafinta a hannu, a jirgin sama, daga Najeriya zuwa Ingila. Da shi aka sake tayar da kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000 cikin kwana goma. Hasarar kamfanin ta kusa dala miliyan 300.

Mutanen Madarunfa ba baƙi ba ne ga wannan darasi. A nan kusa, ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka koma kan tudu. Manomin gero ma daban yake ajiye iri, ba ya gwama shi da na ci.

Malam, in makin jarrabawar ɗalibanka yana cikin kwamfuta ɗaya, kwafe shi a filas, ka zare, ka ajiye a wani gida. Iyaye kuma, hoton takardar haihuwar yaro da ke cikin waya mai lambar sirri, in wayar ta mutu ko lambar ta ɓace, shi ke nan. Ku rubuta lambar a takarda, ku bar wa amintacce. Kowane ƙarshen zangon karatu a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki, tun kafin ranar da za a nemi takardar yaro.